Gidan da Na Soke

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san labarin, kuma duk wanda ya san shi ƙarya ya sani. Cewa ake yi Kafaran ne ya kai wa kumandan, Baturen mulki, rahoton ramukan hatsi. An faɗa a dandali, an faɗa a bakin rijiya, an gaya wa yaran da aka haifa bayan mutumin ya daɗe a ƙasa. Ba shi ba ne. Ni ce. Kuma ban yi a ɓoye ba. A cikin aji na yi, rana tsaka, da tawada shunayya, har aka yaba mini.

Dole in fara da hatsi, don wanda bai ga zamanin ba zai ɗauka tatsuniya nake yi. Yanzu in ka shiga ƙauyen, can kudu da Damagaram a kan hanyar Dogo, da ƙyar za ka ga rumbun kirki. Ana girbi a zuba a buhu, a jibge a ɗakin kwano, mai saye ya kira ka a waya tun ba ka gama sussuka ba. Injin niƙa ya kashe turmi. Mu kuwa da ƙarar taɓarya muke farkawa, gida na amsa wa gida, har kana iya gane wadda ta kwana da fushin mijinta daga yadda take saukar da ita. Rumbu shi ne sirrin gida, ba a leƙa na wani, ba a tambayar abin da ke ciki. Sai dai akwai wasu rumbuna jere a bayan gari waɗanda ba na kowa ba ne. Rumbun kumandan muke ce musu. Kowace kaka, kowane magidanci sai ya kai dammunansa can, a liƙe bakin da laka, a buga hatimi. Wai don ranar yunwa ake ajiye mana. Amma ba kai za ka ce ranar yunwar ta zo ba, sai wanda ke zaune a biro, ofishin mulki, a birni ya ce, shi kuwa bai taɓa kwana da ita ba. In an buɗe da wuri ka sami wani abu. In an makara, gara ta riga ka.

Shi ya sa mutane suka koma ƙasa. A unguwarmu gida huɗu ne ke da rami, namu na ciki. A turken awaki ake haƙa shi, baki ƙarami, ciki mai faɗi kamar tulu. Ana ƙona kara a ciki har bangon ya bushe ya yi tauri, a shimfiɗa ƙaiƙayi da toka, a zuba gero sussukakke, wanda aka zaɓa, har da irin shukar baɗi. A rufe da tsohuwar tabarma da itace, a mayar da ƙasa, a sake kafa turke a ɗaure awaki a kai. Kwana uku sun isa su tattake wurin su cika shi da kashi, ko kai da ka haƙa sai ka yi nema. Aikin mu yara mata shi ne ɗaukar ƙaiƙayi a ƙwarya, ya shiga zane ya shiga gashi, mu kwana muna susa. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in faɗa. Ba a faɗin irin wannan. Ana ɗauka ka sha shi a nono.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da haƙurin maganar manya. In gardin kumandan, wato dogarinsa, ya zo da jar hularsa ya tambayi Baba yaya damina, sai Baba ya gyara zama, ya tambayi lafiyar dokinsa, ya sa a kawo fura, sannan ya ce, "To, ta zo, ta wuce." In an matsa masa ya ce, "Wasu sun samu, wasu sai haƙuri." Ina bayan zana ina jin kamar in fito in amsa masa. A ganina mutanenmu ba su iya magana ba ne, suna zagaye kamar jaki a masussuka. Inna kan ce da ni, "Ke bakinki ya fi ƙafarki sauri, wata rana sai ya bar ki a baya." Ina jin ta ne kawai.

Kafaran maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. Sunansa na yanka ya ɓace tun da ya dawo daga sojan Faransa da wannan muƙamin na kofur, da ɗingishi, da wata tsohuwar kwat da yake sawa ko ana zafin da ke narka kitse. Shi kaɗai ke jin Faransanci a garin, irin na bariki, rabi zagi. Ɗiyarsa Hadiza ƙawata ce, tare muke zuwa itace. Da aka ce garinmu ya ba da yaro ɗaya na lakwal, makarantar Nasara, kowa ya ɓoye nasa, shi ne ya shigo zaurenmu ya zauna.

Ya ce wa Baba, "Ka ba su wannan mai bakin. Ko banza ka huta."

Baba ya ce, "Mace ce fa."

"Na gani. Ni ma ai ba makaho ba ne. Amma na je ƙasarsu, na ga abin da ke mulkinsu. Ba bindiga ba ce, takarda ce. Gara a ce muna da mai karanta ta a cikin gida."

Haka aka kai ni. Na gama ta ƙasa, na ci jarrabawa, na wuce kwaleji a Damagaram, ina zaune a unguwar Birni wurin wata tsohuwar Babarbariya mai sayar da turaren wuta. Har yau in na ji ƙamshinsa sai in tuna busar sojoji da safe daga kan dutse, da jakunan ruwa suna wucewa da tuluna, da kamiyo, babbar motar gyaɗa, da ke girgiza bango. Mu 'yan mata ba mu da yawa a ajin, a benci na gaba aka jera mu kamar kayan talla.

Wadda ke koya mana rubutu Bafaranshiya ce, siririya, busasshiya, Madam kawai muke ce mata. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya aikinta, kuma ba ta da mugunta. Ranar farko ta rubuta tambayoyi uku a allo ta ce kada a goge: wa ke magana, wa yake yi wa, me yake so. Ta ce kowane rubutu da rigarsa. Wasiƙar ƙawa ba ta sa rigar wasiƙar neman aiki, labari ba ya sa rigar rahoto. Muka yi ta gwaji, yau ta'aziyya, gobe koke, jibi bayanin yadda ake saƙa tabarma. Abin ya shige ni sosai. A karon farko na ga mutum da ke faɗin abin da yake nufi, ya tsaya.

Da muka zo kan rahoto na faɗi ƙasa warwas. Na rubuta a kan kasuwar Zango, na ce ta cika, kaya sun yi albarka, an gode Allah. Madam ta ɗaga kayena, littafin rubutuna, da yatsa biyu gaban aji.

Ta ce, "Wannan ba rahoto ba ne, gaisuwa ce. Ina? Yaushe? Su wa? Ta yaya? Kin rubuta shafi guda ba ki ce komai ba, kamar tsofaffin garinku."

Aji ya yi dariya. Wata ɗiyar akawu da ke gefena, wadda aka haifa a gidan siminti, ita aka karanta nata. Na zauna kunnuwana suna zafi. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na yarda da Madam.

Sai ta ba mu babban aiki. Kowa ya zaɓi abu ɗaya da ya gani da idonsa, abin da ita ba ta sani ba, ya rubuta shi sau uku: wasiƙa zuwa ga aboki, labari, sannan rahoto zuwa ga kumandan. Kumandan na wasa, ba shakka. Duk ajin haka muka rubuta a saman takarda. Akwai wanda ya sanar da kumandan cewa jakin kakansa ya faɗa rijiya. Ni kuwa na kwana biyu ina neman abin da ɗiyar akawu ba za ta taɓa sani ba, sai na tuna ƙaiƙayi a cikin zanena.

Wasiƙar Hadiza na rubuta wa, ko da yake ba ta karatu, na tuna mata yadda muke susa. A labarin na sa wata tsohuwar akuya tana gadin dukiya ba ta sani ba, Madam ta yi dariya har ta cire tabarau. Rahoton ne ya ci ni aiki, don dokokinsa a tsaye suke. Babu gaisuwa. Babu "wataƙila". Mai rubutu ba ya cewa "ni", ba ya cewa "babana", kowa da cikakken sunansa kamar baƙo. Kuma kada ya wuce shafi ɗaya. Na rubuta sunan gari da unguwa. Na rubuta zurfin rami, da watan da ake haƙa shi, da dabarar awaki. Na jera gidajen. Da na zo kan sunan Baba hannuna ya ɗan tsaya, na tuna wannan sarai, sai na ce wa kaina ai wasa ne, na ci gaba. Gidan Kafaran ne na ƙarshe, shi ya sa rubutun ya zarce shafi da layi biyu.

Madam ta duba ta kan kafaɗata ta ce, "Misali uku sun isa. Na huɗu kaya ne kawai."

Na ɗora abin ja layi, na soke gidan Kafaran, na sake kwafewa da hannu mai kyau.

Washegari ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan da gaske ne, ko ƙirƙira kika yi?"

Ga ƙofa nan ta buɗe mini. Kalma ɗaya ce. Amma ɗiyar akawu tana kallona, sai na miƙe na ce, "Ni ba na ƙirƙira, Madam. Da hannuna na zuba ƙaiƙayin."

Ta yi rubutu da jan alƙalami a gefe, ta karanta wa aji, ta ce haka ake rahoto. Ta ce za ta tafi da shi gida ta nuna wa mijinta, don ya daina cewa asarar alli take yi a kan 'ya'yan manoma. Na san mijinta a biron noma yake aiki. Kowa ya sani. Mako guda na yi ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Ina gida hutun bazara suka zo. Da hantsi ne, ina tankaɗe. Muka ji kamiyo ya tsaya a dandali, abin da ba ya faruwa sai lokacin gyaɗa. Gardi suka sauko da tafinta. Ba su nemi fura ba, ba su tambayi kowa damina ba. Tafinta ya buɗe takarda ya kira suna uku, na Baba na biyu, suka wuce kai tsaye turken awaki kamar su suka kafa shi. Suka sa masu gidan su haƙa da nasu hannun. Abin da ya zauna mini a kunne shi ne kukan awakin da aka kwance, suna ta zagaya mutane, da ƙarar fartanya lokacin da ta bugi itacen rufi. Hular Baba ta faɗi cikin ramin, ba wanda ya ɗauko masa. Daga inda nake tsaye ina hangen takardar a hannun tafinta. Ba ma su sake kwafe ta ba. Shafin kayena ne, da jan rubutu a gefe.

Sai ga Kafaran da ɗingishinsa, ya sa kwat, ya zo gaban babban gardin ya ƙame ya sara masa. Ya yi ta magana da Faransancinsa na bariki. Babban gardin ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya karɓi takardar ya nuna masa, kamar mai cewa ga shi a rubuce, ni me zan yi. Gari duka na kallo. Aka loda geron, aka tafi da Baba da sauran biyun, aka wuce ƙofar Kafaran ba a ko waiwaya ba.

Da yamma Inna na zaune gaban murhun da ba a hura ba. Ta ce, "Gida huɗu ke da rami. An tona uku." Sannan ta juyo. "Ke da kike jin yarensu, me ya ce wa gardin?"

Na ji duk abin da ya ce. Cewa ya yi su ɗauki na ci su bar iri, ruwa ya kusa, in ba iri mutanen nan sun mutu. Sau uku ya faɗa.

Na ce, "Ban ji sosai ba, Inna. Sun yi nisa."

Rahoton zan iya cewa ƙuruciya ce. Wannan ba ni da abin cewa.

Baba ya dawo bayan kwanaki, ya rame, har ya rasu bai ƙara ambatar ranar ba. Amma garin ya gama yanke hukunci. Wa ke zuwa Damagaram a kai a kai karɓar abin da ake ba tsofaffin soja? Wa ya sara wa gardi aka dafa shi ana dariya? Ramin wa aka bari? Ba wanda ya zage shi a fuska, ba haka ake yi a wurinmu ba. A masallaci ne sahu ya riƙa barin gurbi a gefensa. In ya sa hannu a akushi wurin suna, sai kowa ya tuna ya ƙoshi. Hadiza in ta je rijiya, mata su ja gugansu su ce sun gama. Da ruwa ya sauka babu iri, Kafaran ya tona nasa ramin da kansa, ya aika wa kowane gida a ƙwarya. Kowa ya karɓa. Ba wanda ya je godiya. Cewa aka yi ladan aikinsa ne yake rage wa. Da geronsa Baba ya yi shuka, da ragowar Inna ta yi mana tuwo bayan mun gaji da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci. Na ci. Na ƙara.

Ranar da zan koma lakwal ina bakin hanya da ƙunshina ina jiran mota, sai ga shi ya zo ya zauna a kan kututture, ɗan nesa da ni, yadda mai wucewa ba zai ce tare muke ba.

"'Yar lakwal."

"Na'am, Baba."

"Hannunki ya gyaru. Da kamar kaza ta taka tawada."

Na kasa ɗaga kai.

"Jan rubutun nan na gefe, me ta ce? Ni karatuna bai kai na rubutun mata ba."

"Ta ce ya yi kyau ƙwarai."

"Ai ya yi. Ko magatakardan rundunarmu bai iya haka ba. Ba kalma ɗaya ta banza." Ya murza gwiwarsa mai ciwo. "Abu ɗaya nake so in sani, don ya hana ni sukuni. Gidana da kika bari. Tausayi ne? Ko don Hadiza?"

Da na ce e, da ya tafi da wani abu. Amma na riga na ƙarar da ƙaryata a wurin Inna.

Na ce, "Takarda ce ta cika, Baba."

Ya dube ni. Sai ya fara dariya, dariya ta gaske, har ta koma tari, har ya share ido da hannun kwat. "Takarda ta cika," ya ce. "To. Allah mai iko."

Na ce zan faɗa. Na ce zan koma yanzu in gaya wa mahaifina.

"Ban aike ki ba, ban hana ki ba. In kin faɗa, za a cire ki, kuma garin nan ba zai ƙara ba da ɗiya lakwal ba sai bayan ranmu. In ba ki faɗa ba, to, kin ga yadda nake. Ke ce mai karatu. Ki auna."

Mota ta zo. Na hau. Shi ya miƙo mini ƙunshina.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don 'yan matan garin na yi shiru. Magana ce mai kyau, ta dace da kowane mai sauraro, na kuwa iya tsara ta. Gaskiyar ita ce ina son bencina na gaba, kuma ina tsoron idon Inna. Madam ta tsayar da ni bayan aji, ba ta iya kallona ba, ta ce a kan tebur ta bar rahoton, ba ta san mijinta zai ɗauka ba. A ƙarshen shekara ta ba ni kyautar littafi mai jan bango. Na karɓa da hannu biyu, aka tafa mini.

Da mulkin kai ya zo ina cikin 'yan matan da aka jera da fararen riguna, aka sauke tuta aka ɗaga wata. An bar rumbun kumandan, mutane suka kwashe jinkar suka yi wa awaki rumfa. Na ɗauka maganar za ta mutu tare da su. Sai ta ƙara rai. Lokaci ne da kowa ke nuna wanda ya ci da Nasara, samarin jam'iyya suka riƙa tsayawa da ganga a ƙofar Kafaran. Ya bar garin da aka haife shi ya dawo Damagaram yana gadin wani ɗakin ajiyar gyaɗa. Ni kuma ba a daɗe ba na zama malama, hanyata ta lakwal ta gabansa take bi. Kullum in ya hango ni sai ya miƙe da ƙyar ya sara mini, ya ce, "Madam, an fito?" Ba da gatse ba, da ma da gatse ne. Bayan wata biyu na canja hanya, ina zagayawa ta bayan kasuwa cikin rana. Rasuwarsa sai bayan sadakar bakwai na ji.

Na yi rayuwata ina koyar da rubutu. Tambayoyin nan uku na rubuta su a allo ba adadi, kuma har yanzu ina ganin daidai ne. Sai dai na daɗe kafin in gane cewa Baba ya san su tun kafin a haifi Madam. Da yake ce wa gardi damina ta zo ta wuce, ya san wa ke magana, ya san wa yake yi wa, ya san abin da mutumin ke so, kuma ya san abin da zai biyo baya in ya ba shi. Shi ne gwanin ajin. Ni na koyi yadda ake ɗinka rigar, ban tambayi wanda zai sa ta ba. Yaran yanzu suna rubuta duk abin da ke gidansu a waya, duniya ta karanta, in na yi magana su ce tsohuwa ta fara. Ba na cika musu baki. Ba ni da fuskar yi.

Watan jiya na je ƙauyen wurin suna. Hadiza tana nan, ta koma garin tun da aka yi mata aure, idonta ya kusa tafiya. Muna zaune a tsakar gida ana raba goro, wata jikarta ta shigo da tire, sai wata budurwa ta ce, "Ku rage murya, 'yar gidan rahoto ta iso." Aka yi dariya. Yarinyar ma ta yi, irin dariyar wanda aka saba taka wa ƙafa. Na tambayi mai maganar ko ta san abin da take faɗa. Ta ce, "Hajiya, ai haka ake ce musu. Kakansu ne ya sayar da gari." Ko sunansa ba ta sani ba.

Hadiza ta laluba ta kamo hannuna. Ta ce, "Ƙyale su, mun saba. Ko neman aure aka zo gidanmu sai an tayar da maganar." Ta matse yatsuna. "Baba yana sonki, kin sani? Har ya rasu yana cewa cikin duk abin da ya yi a duniya, kai ki lakwal ne bai yi nadama ba."

Na ce mata zafi ya dame ni, na fita.

Da na dawo gida na zauna rubuta mata wasiƙa. Na yi ta farko, ta yi kama da koke. Na yi ta biyu, ta yi kyau sosai, har na ji ina sha'awar jimlolin, sai na yayyage ta. Hadiza ba ta karatu. Wani ne zai karanta mata, ni ina nan zaune ƙarƙashin fanka. Wannan ma da nake rubutawa ba zai wanke ni ba, don waɗanda abin ya shafa ba za su gan shi ba.

Jumma'a mai zuwa zan tafi. Zan fara shiga ɗakin Hadiza, ita kaɗai, don ita ke da haƙƙin ji kafin kowa, in gaya mata har abin da ubanta ya roƙi gardin da abin da na ce wa Inna. In ta kore ni, in fita. Daga nan in tsaya a ƙofar mai gari lokacin da ake fitowa masallaci, in faɗa da baki, da ƙarfi yadda na bayan sahu zai ji, in kuma nemi a kira mini budurwar nan ta tsaya kusa. Na gaya wa mai motar ya zo tun da sassafe, kuma in na ce masa ba ni da lafiya kada ya saurare ni. Na san halina.